Ranar da Na Naɗe Naman Alade

An rushe benen da muka fara zama a Lyon. Ban je na gani ba, ƙafa ba ta kai ni yanzu. Ɗiyata ce ta bi ta wurin, ta ɗauko mini hoto a waya. Gaban ginin suka fara cirewa, sai ga ɗakunan mutane a buɗe, kowane da launin bangonsa. Na gane namu a hawa na huɗu saboda shuɗin fentin da maigidana ya shafa da hannunsa. A samansa akwai wani mai ruwan ɗorawa, har da baƙin tabon hayaƙi inda murhu yake. Wannan na tsohuwar maƙwabciyarmu ne. Na daɗe ina kallonsa har hasken wayar ya ɗauke.

Jikokina ba su san wahalar cin abinci a ƙasar nan ba. Yau kowane lungu akwai mahauci Musulmi, kowane kwali an rubuta abin da ke ciki, in ma ba ka gane ba ka haska shi da waya ta gaya maka. Har wannan abin da zan ba da labarinsa suna sayo shi a leda, daskararre, da naman kaza, su jefa a kasko su cinye a tsaye suna hira. A zamaninmu mahauci ɗaya muka sani, wani Balarabe, sai ka shiga bas biyu kafin ka kai gare shi. Abin da ba ka gani da idonka an yanka ba, barinsa kake yi. Na zo ina da shekara goma sha tara, daga Tasawa, ban san kalma goma ta Faransanci ba. Maigidana yana aiki a masana'antar manyan motoci a bayan gari, ya fita da duhun asuba, ya dawo bayan magariba. Yini nake ni kaɗai da ƙarar bututun ruwa cikin bango, da fitilar matakala da ke mutuwa da kanta kafin ka kai hawa na uku, da ƙanshin girkin mutanen da ban san sunansu ba.

Kafin in zo Lyon na yi wata uku a Paris wurin Hajiya, yayar maigidana, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Shagon atamfa da shadda gare ta a unguwar Château Rouge, kuma duk matan ƙasarmu da ke yankin, maganarta suke ji. Ita ta koya mini shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da yadda ake riƙe jaka a ƙarƙashin hammata, da irin burodin da ake saye. Biskit ma sai ta sansana shi, ta sa an karanta mata jikin takardar sau biyu. Takan ce mini, "A garin nan kowane abu akwai alade a cikinsa, har sai an tabbatar miki babu." Ina sonta, ina kuma tsoronta. A lokacin ba tarho a gidajenmu na can, kaset ake ɗauka a aika da shi hannun matafiyi, kuma ta shagonta duk kaset yake bi. Abin da Hajiya ta faɗa a kanki, shi uwarki za ta ji a tsakar gida, maƙwabta na saurare.

Tsohuwar da ke samanmu 'yar Sin ce, amma a Kambodiya aka haife ta. Yaƙi ya koro ta, ita da ɗanta guda. Kaka nake ce mata, ita kuma ta ce mini Madam. In an haɗa Faransancina da nata ba zai cika cokali ba, da hannu muke ƙarasa zance. Tun kafin in san fuskarta na san ƙarar babbar wuƙarta a kan katako, kullum da hantsi, da takalminta mai jan ƙasa. Na san kuma abin da take sarawa, don haka in mun haɗu a matakala sai in gaishe ta in matsa jikin bango.

Cikin sanyi na haifi ɗiyata ta fari. Hajiya ta zo suna, washegari ta koma, shago ba ya zama a rufe. Ba uwa, ba kunun kanwa, ba mai ɗora mini ruwan wanka. Kwana uku bayan tafiyarta zazzaɓi ya rufe ni, yarinya tana kuka ina kuka. Sai aka ƙwanƙwasa. Kaka ce. Ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta juya ta fita. Da azahar ta dawo da tukunya sabuwa, takardar shago tana manne a jikinta, ta nuna mini da yatsa. Ta fito da kaza a naɗe cikin takardar wannan Balaraben, ita ma ta nuna mini. Ta ce, "Ba alade. Sabo. Duka sabo." Bas biyu ta shiga cikin ƙanƙara. Tun daga ranar har wata guda ba ta fasa zuwa ba. Ta tafasa ruwa da ɓawon citta ta gasa mini jiki, ta ɗaure mini ciki da zane, ta rufe taga, ta doke mini hannu in ta ga zan taɓa ruwan sanyi. Duk abin da uwata za ta yi, ban san inda matar nan ta koye shi ba. Tukunyar a ɗakina take kwana, ba ta taɓa hawa da ita sama ba.

Bayan shekara guda, sanyi ya sake zagayowa, sai ga takarda ta zo musu. Ashe Kaka tana da ɗiya, wadda ta ɓace musu a hanyar gudu tana da shekara goma sha ɗaya. Shekara goma suna ɗauka ta mutu. An same ta a wani sansanin 'yan gudun hijira, kuma bayan dogon jiran takardu aka sa ranar zuwanta. Wanta, ɗan Kaka, ya tafi Paris tarbarta a filin jirgi, za su iso Lyon da jirgin ƙasa da yamma. Ana saura kwana biyu Kaka ta zame a ƙofar gida, ta karye a wuyan hannun dama, aka sa mata filasta har gwiwar hannu. Kuma a wannan ranar ce Hajiya za ta zo mana kwana bakwai, maigidana zai ɗauko ta a gar, tashar jirgin ƙasa, in ya tashi aiki. Tun da safe na tuƙa tuwo, na kaɗa miyar kukar da nake ta ɓoyo wata da watanni saboda ita.

Da hantsi Kaka ta sauko, ta kama bakin zanena da hannun hagu, ta ja ni sama. Ban taɓa shiga ɗakinta ba sai ranar. A kan tebur akwai garin alkama, da kabeji, da citta, da tafarnuwa, da ganyen albasa, da wasu kwalabe biyu, da wani kwano da aka kifa wa faranti. Ta ɗaga farantin. Niƙaƙƙen nama ne, ya fi na rago haske, da farin kitse a cikinsa. Ban taɓa ganinsa kusa haka ba. Ban san lokacin da na ja baya har bayana ya taɓa ƙofa ba.

Ta nuna mini da hannu abin da take so a yi wa ɗiyarta, a murza gari, a zuba nama, a naɗe, a soya. Matan ƙasarsu da ta sani suna tsallaken kogi, kuma duk suna wurin ɗinki har yamma.

Na ce, "Kaka, rago. In je in sayo rago, in yi miki da shi."

Ta girgiza kai. Ta daɗe tana neman kalmomi, sannan ta ce, "Rana ta ƙarshe a gida, wannan ta ci. Bayan nan, hanya." Ta dube ni, ta ga yadda na tsaya. Sai ta mai da farantin ta rufe kwanon. "Yi haƙuri, Madam. Je ki. Allahnki ya hana, na sani."

Na sauka. Na zauna a bakin gado, yarinya tana wasa da murfin tukunya a ƙasa. Na gaya wa kaina na yi daidai, kuma ita da bakinta ta sallame ni. Can sai na ji sandar murza gari ta faɗi a samana, ta gangara daga wannan bango zuwa wancan. Na ji takalmin ya bi ta, ya ɗauko. Jim kaɗan ta sake faɗuwa. A na uku ban ji takalmin ya motsa ba. Na jira, na jira, shiru. Na tashi na cire zanen kirki na ɗaura tsoho, na goya yarinya, na ɗauki safar hannu ta roba da nake wanke-wanke da ita, na hau.

Na same ta zaune a kujera, gari ya ɓata mata filasta da gaban riga, sandar tana ƙarƙashin tebur. Ba ta yi mini godiya ba, ba ta kuma tambaye ni komai ba. Ta tashi ta ɗora ruwa a wuta.

Da ruwan zafi ake kwaɓa garin, kaɗan-kaɗan, a murza shi har ya yi laushi kamar kunnen jariri, a rufe shi da tsumma ya huta. Kabejin a yanka shi siriri, a barbaɗa gishiri, a sa shi a ƙyalle a matse kamar ana tatar gasara. Duk wannan bai dame ni ba, aikin da na sani ne. Da aka zo haɗa nama na sa safar roba, na ɗauki cokali na katako. Ta zuba citta da tafarnuwa da albasa, da wani baƙin ruwa mai gishiri, da man riɗi, ta ce in juya ta gefe guda kawai, kada in koma baya. Ina juyawa ina kau da kai. Sannan muka mulmula garin ya yi tsawo, na yanka shi ƙanana, ta nuna mini yadda ake murza kowane ya yi faɗi, tsakiya da kauri, baki-baki siriri. A zuba nama cokali ɗaya, a haɗe baki, a yi masa ƙananan naɗi ta gefe guda har ya lanƙwasa kamar jinjirin wata.

A nan safar ta ƙi. Garin ya manne mata, bakin ya yage, na ɓata biyar a jere. Kaka ta dubi safar, ta dubi agogo. Ni ma na dubi agogon. Na cire su na ajiye. Na ce a raina ai cokali ne zai taɓa naman, ni gari kawai zan riƙe. Na farkon da na matse, naman ya bullo ta gefe ya kwanta mini a babban yatsa, da sanyi, da santsi. Na yi istigfari a fili. Ta miƙo mini tsumma, na goge, na ɗauki na gaba. Haka muka yi ta yi, ni ina istigfari, ita tana ƙirga naɗin da harshensu, in na yi kuskure ta taɓa ni da yatsa. Na ji lokacin azahar ya shiga ya wuce. Ban san yadda zan tsaya gaban Allah da hannun nan ba, ban kuma san yadda zan bar tebur ɗin ba. Faranti ya cika, muka ɗauko wani. Wajen na talatin yatsuna suka gane aikin da kansu, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

Kaskonta baƙin ƙarfe ne mai nauyi, da hannu ɗaya ba ya ɗaguwa, don haka suyar ma ni ce. Ta ce a soye duka yanzu, in sun iso sai ta ɗumama. A zuba mai kaɗan, a jera su a zagaye, gindinsu a ƙasa, a jira har ya yi ja. Sannan a watsa ruwa rabin kofi a rufe da sauri. Ta kama kunnenta ta nuna mini cewa da kunne ake wannan girki. Muddin ana jin tafasa ba a buɗewa, ba a kuma barin wurin. Sai ƙarar ta sauya ta koma ƙas-ƙas, ruwa ya ƙone, mai ya dawo. In ka yi jinkiri kaɗan, gindin ya ƙone.

Kasko na biyu ne a wuta. Na watsa ruwa, na rufe, na juya wajen taga don in sha iska. Sai na ga tasi a ƙofar gida, direba yana sauke wata babbar jaka, ga farin mayafi a kan baƙar rigar sanyi. Hajiya ta samu jirgin da ya riga nata, ba ta jira kowa ba.

Benen ba shi da na'urar hawa, kuma Hajiya tana da ciwon gwiwa. Ina jin ta tana jan jakar, tana hutawa a kowane hawa. Ina jin numfashinta. Ta kai ƙofarmu ta ƙwanƙwasa.

"Salamu alaikum."

Muryarta ta hau matakala ta shigo har inda nake. Kaka ta dubi fuskata ta gane. Ta nuna mini ƙofa da haɓa, wai in tafi. Kasko yana tafasa.

"Salamu alaikum. Masu gida."

Tunda nake ban taɓa jin sallama na yi shiru ba. Bakina ya buɗe da kansa, na rufe shi. Na yi tunanin in ta gaji za ta zauna a kan jakarta, in gama wannan kaskon, in wanke hannu, in sauko in ce na je aron gishiri. Amma zanena duk ya sha ƙauri, kuma hancin Hajiya ba ya kuskure. Ta yi sallama ta uku. Daidai nan ƙarar kaskon ta sauya, na ɗaga murfi, tururi ya tashi, yarinya ta farka a bayana ta tsala kuka.

Ƙasa ta yi shiru. Sannan na ji takun yana hawowa.

Mun bar ƙofa a buɗe saboda hayaƙi. Hajiya ta tsaya a bakinta, ba ta shigo ba. Ta dubi kaskon, ta dubi kwanon, ta dubi hannuna. Kaka ta haɗa hannun hagu da filasta ta sunkuya mata. Hajiya ta ɗan kaɗa mata kai, don ko a cikin fushi ba ta raina babba.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Kun sha hanya."

"Naman mene ne?"

"Alade ne, Hajiya."

"Kin ci?"

"Ban ci ba."

"Juyo." Na juya mata baya. Ta kwance goyon da hannunta, ta ɗauki yarinyar, ta sansana kanta. "Wuce mu tafi."

Na dubi teburin. Akwai faranti guda cike da ɗanye, da sauran gari a ƙarƙashin tsumma.

Na ce, "Hajiya, ban gama ba. Hannunta a karye yake. Ga makulli a bakin zanena."

Ban san daga inda maganar ta fito ba. Ta dube ni tsawon lokaci. Sannan ta miƙa yatsa biyu ta kwance makullin, ta kula kada ta taɓa fatata, ta juya ta sauka.

Na gama. Kasko huɗu muka yi. Kaka ta ɗaga ɗaya da tsinke ta duba gindinsa, ja ne sosai, ya yi ɓawo. Ta kaɗa kai. Da zan fita ta riƙe mini hannu, da maiƙonsa da komai, ta ɗora a goshinta.

Na tarar Hajiya ta yi wa yarinya wanka ta canza mata kaya. Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Sau bakwai. Ɗaya da ƙasa." Ina zan samu ƙasa a hawa na huɗu? Na ɗebo daga tukunyar furen da ke taga, na shiga bayi na dirje hannuna har suka yi ja. Na yi wanka, na ƙulle tsohon zanen a leda, na rama azahar na haɗa da la'asar. Da na fito na ga ta ture tuwona da miyata gefe, ta wanke wata tukunya sau uku, tana dafa shinkafa da hannunta.

Na ce, "Hajiya, tun da safe na yi wancan, kafin in hau."

Ta ce, "Na ji."

Maigidana ya dawo bayan magariba a rikice, ya je gar bai same ta ba. Suka gaisa doguwar gaisuwa, ta tambaye shi aiki da sanyi, ya tambaye ta shago da mutanen Paris ɗaya bayan ɗaya. Ni ina tsaye a bakin kicin. Aka zuba shinkafa. Ya ɗaga kai ya ce, "Ina miyar kukar da aka hana ni wata uku ana jiran Yaya?"

Hajiya ta ce, "Tambayi matarka."

Na faɗa masa, tun daga farko, ban rage komai ba. Ban kai ƙarshe ba sai muka ji taku a matakala, mutum biyu. Ɗaya mai nauyi, yana jan akwati. Ɗayan ba ya ko ƙara, yana tsayawa, yana ci gaba. Suka wuce ƙofarmu. Ƙofar sama ta buɗe. Muka kasa kunne mu uku, ba wanda ya ce a yi. Na daɗe ban ji komai ba. Can sai muryar Kaka, kalma ɗaya take maimaitawa, a hankali, ba ta fasa ba. Sai kujera ta ja. Sai kasko ya fara ƙara, ƙanshin ya biyo bututu ya sauko. Hajiya ta ja mayafi ta rufe hanci.

Ta ce wa ƙanenta, "Gobe zan tafi da ita Paris, ita da yarinyar. Ta zauna a gabana har ta san inda take. Kaɗaici ne ya yi mata yawa. In ba haka ba, uwarta za ta ji daga bakina."

Ya ajiye cokali. Ya dube ni. "Kin ci?"

"A'a."

"Ta matsa miki?"

"A'a. Ta ce in tafi, na tafi. Ni na koma da ƙafata."

Hajiya ta ce, "To, ka ji."

Ya ce, "Na ji, Yaya. Ban san hukuncin abin da ta yi ba, zan tambaya. Amma wata guda tsohuwar nan tana gasa mini mata, ni ina wurin aiki, ke kina shago. Ba inda za ta."

Tunda ta raine shi bai taɓa mayar mata da magana ba. Ta dube shi kamar yadda ta dube ni a sama. Ta ce, "To." Ta ci gaba da cin shinkafarta, shi ma ita ya ci. Miyar kukar ni kaɗai na sha ta, kwana uku. Washegari da safe Hajiya ta koma Paris, ba ta ko kwance jakarta ba.

Ranar Juma'a ya tambayi malamin da ke yi musu salla. Ya dawo ya ce mini an ce tunda ban ci ba, ban sayar ba, in nemi gafara, kada in sake. Ya ƙara nasa a kai, "Kuma kada ki sake." Ban sake ba.

Bayan kwana biyu Kaka ta sauko da ɗiyar. Shekararta ashirin da ɗaya, amma in ka gan ta sai ka ce sha huɗu, gashi a yanke, haƙoran gefe babu. Ta haɗa hannu ta sunkuya mini, ba ta ɗago ba sai da uwar ta taɓa ta. Kaka ta ba ni labari da hannu da fuska. Wai ɗiyar ta ci har ta yi amai, cikinta bai saba da maiƙo ba, ta wanke baki ta dawo ta ci gaba. Wai kuma ta ɗaga ɗaya ta juya shi, ta tambaya wa ya yi wannan naɗi karkatacce haka. Ranar na fara dariya tun zuwan Hajiya. Ba su daɗe ba bayan haka, shekara biyu ko uku, ɗan ya samu aiki a wani gari suka tashi. Ba ni da karatu, ita ma haka, ba mu sake jin juna ba.

Hajiya ba ta gaya wa uwata ba. Har uwata ta rasu, duk kaset ɗin da ya je, alheri ne a cikinsa. Amma Paris ta ji. Da bazara muka je suna a La Courneuve, gefen Paris, mata sun cika kicin, na miƙa hannu zan ɗauki ludayi in raba miya. Wata da muka yi zama tare a gidan Hajiya ta karɓe shi a hankali, tana murmushi, ta ce, "Huta, baƙuwa ce ke." Na ɗauki wuƙa zan yanka albasa, wata ta ce an gama. Na gane. Na koma wajen wanke-wanke, can ba wanda ya hana ni. Shekaru da yawa, duk bikin da na je a Paris, wurina ke nan. Ban taɓa tambayar Hajiya ba ko ita ta faɗa.

Ba ta yanke mu ba. Kowace shekara tana zuwa, da atamfa da kayan yara, ta yi mini faɗa a kan tarbiyya, ta goya 'ya'yan ƙanenta. Sai dai tana zuwa da abincinta a kwano, in ya ƙare ta shiga kicin ta dafa da kanta. Ko shayi ba ta taɓa sha daga hannuna ba. Da farko abin yana sa ni kuka, daga baya na saba, nakan wanke mata tukunya in ajiye, ita kuma ta sake wankewa.

Ta tsufa, ta bar shago, ciwo ya kwantar da ita. Wata safiya aka kira ni daga Paris, wannan matar ce da ta karɓe mini ludayi. Muka gaisa a taƙaice, ta ce Hajiya ta cika da asuba. Na yi salati. Sannan ta ce, "Muna jiranki. Ta bar wasiyya ke za ki yi mata wanka."

Na ce, "Ni? Ga ku nan da yawa a kusa."

"Sunanki ta faɗa, sau biyu, a gaban mutane."

"Ta faɗi dalili?"

"Ba ta faɗa ba."

Na ɗauki mayafina, na shiga jirgin safe.